Saƙon Da Ke Maƙale A Ƙasa

Ku yi mini afuwa, ni mai karanta labaran wasu ce, yau ne na fara ƙarfin halin rubuta nawa. Inda na yi kuskure a rufa mini asiri.

"Karanta!"

Takardar ta faɗo kan teburin Sakatariya har ta kifar da kofin shayinta. Ta ɗago a razane. Injiniya ne tsaye a kanta, ɗan Hajiya mai kamfanin gine-ginen da take yi wa aiki, wanda saura wata biyu a yi aurensu.

"Masoyi, lafiya?"

"Kada ki ƙara kirana da wannan sunan! Karanta na ce!"

Saƙon imel ne aka buga, ga sunanta ɓaro-ɓaro a sama. "Tsohuwar nan ta kusa, mu ƙara haƙuri. Tana rufe ido kamfani ya dawo hannuna, ɗanta kuwa dama sai yadda na juya shi."

Ta ajiye takardar.

"Wallahi ban rubuta wannan ba! Na tura wa Gimbiya saƙo ranar da Hajiya ta yanke jiki ta faɗi, amma ba haka na ce ba. Tsaya ka ga nawa a waya..."

"Wa zai hana ki gyara naki?" in ji Gimbiya daga bakin ƙofa, tana tauna cingam. 'Yar ƙanwar Hajiya ce, ita ce manajar ma'aikata, kuma tun suna yara take ganin Injiniya nata ne. "Ni dai Yaya, turo maka na yi kamar yadda ya zo mini. Raina ne ya kasa ɗauka."

"Nurul ƙalbi, ka kalle ni... shekara uku fa!"

Bai kalle ta ba. Ya juya ya fita, ma'aikata goma sha ɗaya suna leƙe ta saman kwamfutocinsu.

Kafin a tashi aiki Hajiya ta ba ta zuwa ƙarshen wata ta tattara komatsanta. Dangin Injiniya suka aiko an fasa auren. Ummanta ta yi ta cewa ta bar wa Allah, ita kuwa tana amsawa da "to" a baki kawai. Kullum da safe sai Gimbiya ta biyo ta gaban teburinta ta ce, "Amarya, an tashi lafiya?"

Ana saura kwana huɗu ta bar aikin, Anti Mai Kwamfuta, mai kula da na'urorin ofishin, ta dawo daga hutun haihuwa. Ta saurari labarin tana gyara wayar firinta, na'urar buga takardu, sai ta miƙe tsaye.

"Tsaya ƙanwata. Daga imel ɗin ofis Gimbiya ta tura masa?"

"Eh Anti."

"Shi kuma bai buɗe abin da ke ƙasa ba?"

"Wane abu?"

Anti ta tafa hannu ta tuntsire da dariya.

"Kafin in tafi na ƙara wata 'yar manhaja a imel ɗin kowa, saboda 'yan kwangila suna sauya awon gini in sun tura saƙo. Yanzu duk wanda ya tura saƙon wani, asalin saƙon yana biyo shi a maƙale a ƙasa, in ya yi nauyi ya zo ta linki, ɗan rubutun da ake dannawa. Mai turawa zai iya goge na sama ya rubuta son ransa, amma na ƙasan ko wasali ba ya taɓuwa. Na rubuta sanarwa shafi biyu! A ofishin nan in kina son ɓoye sirri, ki sa shi a sanarwa."

Sakatariya ta zauna a hankali.

"Kenan sati uku gaskiyata tana cikin kwamfutarsa?"

"Tana nan zaune tana jiran a danna ta. Tashi ki je ki gaya masa!"

"A'a." Sakatariya ta share idonta. "A gaban mutane aka tozarta ni Anti. Ba zan karɓi haƙuri a lungu ba."

Ranar Litinin aka cika a ɗakin taro. Hajiya na kan kujerarta ta kan tebur, sandarta a jingine. Gimbiya ta ci ado ta zauna daf da Injiniya, don kowa ya ji ƙishin-ƙishin yau Hajiya za ta sanar da baikonsu. Kamar kullum, Sakatariya ce ta haɗa kwamfutar Injiniya da allon bango.

"Hajiya, ina neman alfarma ɗaya kafin in tafi. A buɗe saƙon nan, ina so in nemi gafararki a gaban kowa."

Gimbiya ta gyara zama, bakinta har kunne.

"Buɗe mata Yaya, tuba ai abu ne mai kyau."

Ya buɗe, fuskarsa a murtuke. Munanan kalaman suka cika bango.

"Sauka ƙasa ranka ya daɗe. Ƙara sauka. Ka ga ɗan akwatin nan? Danna shi."

Ya danna.

Ga sunanta, ga ranar, ga lokacin, ga abin da ta rubuta: "Don Allah Gimbiya a rage wa Hajiya zuwa wuraren gini, jikinta ya yi rauni. Uwa ce a wurina, ina tsoron kada mu rasa ta. Kada ki gaya mata na yi magana, za ta yi faɗa."

Kowa ya juya ya kalli Gimbiya.

"Na ƙasan nawa ne," in ji Sakatariya. "Na saman, mai turawa ce ta san inda ta samo shi."

Gimbiya ta zabura. "Ƙarya ne! Sharri ne! Kwamfutar ce ta..."

"Kwamfutata ba ta iya zagi ba 'yar nan," in ji Anti daga baya. Wani ya kasa riƙe dariya.

Injiniya ya miƙe, ya matso kusa da Sakatariya ya rage murya.

"Tauraruwata... ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Ba ka nema ba dai. Sau nawa ka karanta saƙon nan?"

"Kullum..."

"Kullum, amma yatsarka ba ta taɓa sauka ƙasa ba. Ƙaryar ta fi yi maka daɗin karantawa."

"Za mu gyara komai, yau ɗin nan zan je wurin Abbanki..."

"Ka je ka gaishe shi, dattijo ne. Amma ba don ni ba."

Hajiya ta buga sandarta a kan tebur.

"Ke Gimbiya! Ni kika sa wa bakin mutuwa don ki sami ɗana? Ni da na goya ki?"

Gimbiya ta zube ƙasa tana kururuwa, ta cafke ƙafar Injiniya tana "Yaya ka cece ni!" Ya juya yana ƙoƙarin fizgewa, ma'aikata suka yi caa, masu ba Hajiya haƙuri na yi, masu riƙe sandar na yi.

Sakatariya ta tsaya ta kalli Gimbiya a ƙasa, ɗankwali ya zame, kwalli ya zubo har haɓa. Ta kalle ta son ranta. Ta ɗauka za ta ji daɗi fiye da haka, amma wanda ta ji ɗin ma ya ishe ta.

Ta ɗauki jakarta, ta ajiye makullin ofis a gefen firinta. Ta bi ta matakalar baya, hawaye na zuba ba ta share ba. Lokacin da Hajiya ta ɗago ta ce "Ina 'yata? Ku kira mini 'yata," har ta tsallaka titi ta shige cikin mutane.