Safar Ghislaine

Ranar da Noëlla Plourde ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ke ƙarshen hanyar kogi, ta ɗauka kango ne. Aikin ƙidaya take yi, kuma mu ɗari biyu da tamanin da bakwai na garin Sainte-Odile ta san mu har karnukanmu. Sai ga wani dogon saurayi da ba ta taɓa gani ba, cokali a hannu.

Ta tsaya tana kallonsa.

"Gaétan Lachapelle, sabon bakanike a injin katako," ya ce. "Lafiya kike kallona haka?"

"Shekara tara ba wanda ya tare a garin nan, fita kawai ake yi. Mutum nawa ne a gidan?"

"Ɗaya. Amma rubuta da fensir."

Kafin ƙanƙarar kogi ta narke, magana ta yi nisa. Kullum da safe saƙonsa na jiranta: "Malamar ƙidaya, na tashi na ƙirga, har yanzu ɗaya ne. Gidan ya yi mini yawa."

Ta kan mayar: "Baƙona, yi haƙuri ka sha shayinka. Ina lallaɓa Mama."

Ai kuwa Mama Fleurette ba ta lallaɓu ba.

"Ba ni da ta cewa a kan yaron," ta ce. "Amma kin san al'adarmu, in ƙanwa ta riga yayarta aure, sai yayar ta sa safa mai ban dariya ta yi rawa gaban gari. Yayarki Ghislaine da ango ya gudu ya bari a ƙofar coci? Shekara shida ba ta taka wurin biki ba. Ba da raina ba."

Gaétan ya ce to su tafi birnin Sudbury a ɗaura a can, ya ma sami aiki. Noëlla tana son shi har cikin ranta, amma duk wanda ya bi hanyar Sudbury, sai jana'iza ke dawo da shi.

Ana haka, Bernadette mai gidan waya ta tare ta.

"Ni dai ba gulma nake ba, amma motar Gaétan kwana uku ke nan tana ƙofar yayarki da rana tsaka."

Mu nan mota ta fi mai ita suna. Noëlla ta tura wa Gaétan saƙo: "Ashe ba ni kaɗai kake ƙirgawa ba." Ba ta jira amsa ba, ta nufi gidan Ghislaine, ta tura ƙofa ko gaisuwa babu.

Ta tsaya a bakin ƙofa.

Gaétan na zaune a ƙaramar kujera, hannu biyu a miƙe, an naɗe su da ulu ja da kore. Ghislaine na saƙa wata safa mai tsawon cinya, da tuntaye, da 'yan ƙararrawa. Wallahi ban taɓa ganin mummunan abu irinta ba.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Idonki bai gani? Rufe ƙofa, sanyi." Ghislaine ba ta ɗago ba. "Wannan sakaran ya zo roƙona in ba ku izinin tafiya. Na ce zauna, riƙe mini ulu."

"Za su yi miki dariya, Yaya."

"Shekara shida suna tausayina, har na gaji. Gara dariyar." "Ni kuma in kin tafi, wa zan yi wa faɗa?"

Noëlla ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Gaétan ya so rarrashi, ulu ya hana shi motsi.

An ɗaura aure a watan Yuli, kuma ko kujera ɗaya ba ta yi saura a zauren coci ba. Da mai goge ya ja baka, Ghislaine ta cire takalmi ta fito tsakiya sanye da safar, ƙararrawa na kaɗawa.

Duk mun sunkuyar da kai, an rasa mai fara dariya.

Sai Mama Fleurette ta miƙe, da sandarta da komai, ta tuɓe nata takalmin.

"Matsa, 'yar nan, ba haka ake buga ƙafa ba. Ni na yi wa ƙannena uku wannan rawar."

Zauren ya fashe da dariya, Ghislaine ta fi kowa ƙyaƙyatawa, hawaye na zuba. Mama ta jawo amarya da ango cikin fili tana haki.

"Allah ya yi muku albarka, ya cika gidan kogi da 'ya'ya. Amma ku aurar da su bi da bi, ƙafata ta gama."