Matar Da Ta Zo Neman Marubucinta

Malamar makarantar ta rufe waya ta sake buɗewa, sunan bai canza ba. Labarin da ta kwashe watanni tana rubutawa, na matar da ta nutse a rijiya, ga shi a mujallar intanet da sunan aminiyarta, editar mujallar. Aminiyar ce fa ta ce mata, "Turo in duba miki, 'yar'uwa." Ko waƙafi ba ta taɓa ba, suna kawai ta sauya.

Malamar ta yi ta kiranta, ba a ɗauka ba. Har motocin haya suka ƙare tana zaune a bencin tasha.

Sai ta ji warin laka. Wata mata ta zauna kusa da ita, ko sallama babu.

"Baiwar Allah," in ji matar, muryarta kamar daga cikin tulu, "wa ya rubuta labarin nan da kike kallo? Nemansa nake. Ya tona mini asiri."

Haushi bai bar malamar ta yi tunani ba. Ta nuna mata wayar. "Ga sunanta nan. Gidanta na bayan kantin magani."

"Na gode, ɗiyata."

Matar ta miƙe. Inda ta zauna ya jiƙe sharkaf, alhali ba a yi ruwa ba. A hasken fitilar titi malamar ta hango guntuwar igiyar guga ɗaure a ƙafarta ta hagu, tana jan ƙasa. Ita malamar da kanta ta ɗaura mata igiyar nan, a sakin layi na ƙarshe na labarin.