Lasifikar Baba

"Ja za ki saya ko baƙi?"

"Ina ruwanka? Ba ni ja."

"Da ruwana mana, ai ni za a jefa wutar. In za ki rubuta cewa za mu ƙone, ki rubuta da fenti mai kyau, kada ruwan sama ya wanke mana azabar."

Na harare shi, amma dariya ta ci amanata. Haka muka fara da Dogo, mai shagon fenti na kan kwana.

Babana shi ne shugaban Ƙungiyar Masu Tsage Gaskiya. Sunan ya fi ƙungiyar girma, domin in ka cire Baba da ƙannensa biyu da ni, saura wani tsoho da ke zuwa neman abokan hira. Aikinmu ɗaya ne. Duk ranar da mutanen tsallaken titi suka taru a ɗakin ibadarsu, sai mu jera da kwalaye, Baba ya ɗauki lasifika ya yi ta yi musu albishir da wuta. Ni ce mai rubuta kwalayen. Dogo kuwa a wancan ɗakin yake ibada, shi da mahaifiyarsa.

Sun taɓa kai mu kotu. Alƙali ya ce Baba ya faɗi abin da ya ga dama, amma kada ya tsallaka titi, kada ya taɓa kowa. Baba ya ɗauki hukuncin kamar an ba shi sarauta. Aka haɗa mu da wani kofur na 'yan sanda mai tumbi, ya riƙa gadinmu yana hamma.

Daga nan fentina ya kama ƙarewa da wuri. Baba har sa mini albarka yake yi.

"Kun ga Auta? Duk cikinku babu mai kishi irin nata."

Ni kuwa kishin nawa yana kan kwana, yana jiran in zo mu yi musu a kan launi.

Wata rana na tarar Dogo babu fara'a. Ya zuba mini fentin bai ko tsokane ni ba.

"Lafiya, Dogona?"

"'Yar yayata ce. Jiya ta tambaye ni wai wutar da kakan nan yake faɗa, har da yara ake sawa?"

Na rasa inda zan sa idona.

"Auta, ina son ki, kin sani. Ni zagin babanki ya zame mini kamar ƙarar janareta, na saba. Amma ita ba ta saba ba... Ina so in zo gidanku neman aurenki. Ki gaya mini, ta wace ƙofa zan shiga?"

Ina son Baba, mutumin da ya goya ni a asibiti lokacin da Mama ke kwance. Ina son Dogo har ina jin abin a ƙirjina kamar ciwo. Na ɗauki gwangwanina na tafi ina share hawaye da hannun da ya ɓaci da ja, na isa gida kamar wadda aka yi wa duka.

Ranar taro ta zo, mura ta shaƙe Baba. Ya buɗe baki a lasifika, abin da ya fito sai ka ce ƙyauren da ya yi tsatsa. Ya miƙa wa ƙaninsa Kawu Tela, shi kuwa ya ce akwai masu kawo masa ɗinki a tsallake. Ya miƙa wa ƙaramin kawuna, ya ce haƙori. Tsohonmu ya riga ya yi barci a jikin kwalinsa.

Baba ya juyo gare ni, yana raɗa.

"Auta, karɓi. Faɗi abin da ke ranki, kada ki ji tsoron kowa. Ko alƙali bai isa ya rufe bakinki ba."

"Baba, duk abin da ke raina?"

"Duka!"

Na karɓa. A tsallake mutane suna fitowa. Ga Dogo, ga mahaifiyarsa, ga yarinyar nan ta toshe kunnuwa da yatsu tun kafin in ce komai.

Na danna maɓallin.

"Ke 'yar ƙarama... sauke hannunki. Babu mai ƙona ki. Ni na rubuta kwalayen nan, kuma ban san komai a kan wutar kowa ba."

Na juya wajen Dogo.

"Kai kuma Dogo, ka tambaye ni ƙofa. Ƙofarmu ita ce mai koren ƙyaure. Ina son ka, ka zo!"

Kawu Tela ya saki kwalinsa. Tsohonmu ya farka ya kama tafi bai san me ake yi ba. Baba ya yi kan kofur yana nuna ni, muryarsa ta ƙi fita.

"Kama ta... ƙwace abin..."

Kofur ya gama hammarsa tsaf.

"Ta tsallaka titi?"

Baba ya girgiza kai.

"Ta taɓa wani?"

"Amma ai 'yata ce!"

"Dattijo, na daɗe a cikin zafin rana ina kare bakinka. Yau kuma nata nake karewa. Ci gaba, 'yan mata, in da saura."

A gida Baba ya daina yi mini magana. In na gaishe shi sai ya duba bango. Wannan ya fi mini zagi ciwo, don ban taɓa sanin gidanmu da shiru ba. Mama ce ta je ta ɗauko yayan Baba, wanda tun farko bai shiga ƙungiyar ba. Ya saurari kowa, ya ga Dogo, ya ce shi zai tsaya mini. Baba ya ce babu ƙafarsa.

Ranar bikin, ana tsakiyar taro a ɗakin da muka kama haya, sai muka ji ƙarar da kowa ya sani.

Lasifika.

Dogo ya riƙe hannuna muka fita, jama'a suka biyo mu. Ga Baba can tsallaken titi shi kaɗai, ya sa rigarsa mafi kyau, sai kofur a gefensa. Mahaifiyar Dogo ta jawo jikarta jikinta.

Baba ya yi gyaran murya.

"Ku mutanen tsallake... har yanzu a ɓace kuke, ban janye ba."

Na runtse ido.

"Amma ku saurara. Yarinyar nan tana da gyambon ciki, kada ku bar ta da yunwa. In ta yi fushi ba ta faɗa, sai ta kama wanke-wanke. Kai mai fenti, in ka ga tana wanke kwanon da yake a wanke, to ka yi laifi, ka ba ta haƙuri. Ita ce autata..."

Muryar ta karye, kuma wannan karon ba mura ba ce.

Na tattare rigata na ruga a guje, motoci suna ta hon. Na faɗa jikinsa ina kuka, shi ma yana yi. Bai saki maɓallin ba, duk unguwa tana jin mu.

Dogo ya iso a bayana ya durƙusa.

"Na ji, Baba. Zan kula da ita."

Baba ya share ido, ya dube shi sama da ƙasa.

"Tashi, kada ka ɓata wandon. Wa ya ce ka kira ni Baba?"

Amma hannunsa na kan Dogo, kuma bai ɗauke ba.