Duwatsu Talatin da Suka Bar Teku

Sojojin ruwa sun nutsa ranar Litinin don duba gidan kifin da aka gina da duwatsu a tekun Ravnstrand, suka tarar an sace duwatsu talatin.

Insifekta Ejvind Brask ya ajiye kofinsa, ya dubi matar da ta kawo rahoton. Sajan Tove Kragh ce, shugabar masu nutso. Ko gashinta bai bushe ba.

"Duwatsu?" in ji shi.

"Duwatsu. Kowanne ya fi saniya nauyi."

"A ƙarƙashin teku?"

"Mita biyar a ƙasa. Da hannuna na ƙirga gurbinsu."

Bodil Skaarup ta ƙaramar hukuma tana tsaye a bakin ƙofa, ta ƙi zama. Ita ce ta yi shekara shida tana faɗa a majalisa har aka sayo duwatsun daga Norway, aka zuba su a teku don kifi ya samu wurin haihuwa. Sojojin ne suka jera su, suka kafa wa kowanne lambar ƙarfe. Duk wata uku sukan dawo su kwance ragar da ta maƙale.

"Daga gindi aka zare su, Ejvind," ta ce. "Guguwar kaka na zuwa. In ba a mayar da su ba, sauran duk za su rushe."

Sajan ta ajiye hoto a kan tebur. Wani dutse ne da ɓarawon ya kama ya kuɓuce masa. Akwai karce biyu masu zurfi, ɗaya ta kowane gefe.

Ejvind ya daɗe yana kallon hoton. Kakansa mai kamun dutse ne, cikin waɗanda suka kwashe duwatsun teku aka gina tashoshin jiragen ruwa na ƙasar nan, kafin gwamnati ta hana sana'ar. Ya san wannan karce. Haƙoran awartakin kamun dutse ne, kuma guda ɗaya ya rage a garin.

Yana rataye a ɗakin tarihi na tashar jiragen ruwa. Makullin yana hannun Verner Lykke, shugaban tasha. Ejvind ya same shi yana cin baƙin burodi da kyafaffen kifi.

"Awartaki?" in ji Verner. "Tun kana cikin tsumma ba wanda ya taɓa shi."

"Buɗe mu gani."

Awartakin ya fi mutum tsawo. Ejvind ya cusa yatsa a gaɓarsa, ya fito da man giris sabo, da zaren ciyawar teku, kore shar.

"Muna kula da kayan tarihi," in ji Verner.

"Da ciyawa kuke kula da su?"

"Laima ce. Ɗakin nan yana da laima."

"Verner, kifinka zai faɗi."

Verner ya ajiye burodin. Ejvind ya bar shi, ya fita.

Jirgi ɗaya ne a tashar yake da injin da zai iya ɗaga irin wannan kaya, na Aksel Munk. Littafin tasha ya ce bai motsa ba tun watan Afrilu. Amma igiyar ƙarfen da ke jikin injin sabuwa ce, katakon tsakiyar jirgin kuma ya farfashe kamar an sassare shi da gatari.

Ejvind ya tsaya riƙe da baki. Aksel shekararsa tamanin da uku. Da sanda yake zuwa coci.

Ejvind bai same shi a gida ba. Maƙwabciya ta amsa ta taga, ba ta yarda sun haɗa ido ba. "Ina kuwa zai je? Yana wurin Ragna."

Ragna matarsa ce. Shekara huɗu ke nan tana kwance a layin ƙarshe na maƙabartar coci, can bakin gaɓa. Guguwar bara ta cinye katanga, ta bar taku biyu tsakanin kabarinta da ruwa.

Aksel yana zaune a kan benci. Ejvind ya wuce shi, ya leƙa ƙasan gaɓar.

Ga duwatsun nan. An jera su layi uku, kowanne ya ciji ɗan'uwansa, yadda ake gina tasha a da. Lambobin ƙarfe suna ƙyalli a rana.

Ya kira Bodil da Sajan a waya, sannan ya zauna kusa da tsohon.

"Aksel, duwatsun nan daga ina?"

"Daga gona."

"Gonar wa ke tsiro da lambar soja?"

"Bakin ubanka gare ka. Shi ma bai iya gaisuwa ba."

"Wa ya nutsa ya kama maka su?"

Tsohon ya yi tsaki. "Nutso? Aikin yara. Bokiti mai gindin gilashi, da sanda doguwa. Ka hango dutse, ka saukar da awartaki, ka ja. Verner ya riƙe inji. Kada ka taɓa shi, ni na sa shi."

"Yaushe?"

"Kwana goma sha ɗaya muka yi. Kullum bayan abincin rana."

"Da rana tsaka?"

"Da wane idon zan gani in ba rana?"

"Ba wanda ya gan ku?"

"Kowa ya gan mu. Matar fasto ta kawo mana kofi sau biyu."

Shekara ashirin Ejvind yana aiki a garin nan, yana gaisawa da mutanen nan kullum a shagon burodi. Ba wanda ya ce masa uffan.

Bodil ta iso da Sajan. Sajan ta sauka gaɓar, ta shafa ginin, ta ɗago kai. "Mu takwas muka jera waɗannan, da jirgin soja. Shi kaɗai da tsoho ɗaya?"

"Kun jera su a karkace," in ji Aksel.

Bodil ta tsaya a gabansa. "Ku ne kuka kwashe tekun nan har kifi ya gudu. Muka gyara, ka sake komawa?"

"Takarda huɗu na rubuta miki a kan katangar nan. Kika ce sai baɗi. Teku bai san baɗi ba."

"Na ce za mu mayar da kabarin Ragna layin sama."

"A tone ta?"



Ejvind ya miƙe. "Aksel Munk, na kama ka da laifin sata da ɓarna. Tashi mu je."

Tsohon ya ɗauki sandarsa. Bai yarda a riƙe masa hannu ba. Suka bi tsakanin kaburbura a hankali, har bakin mota.

Bodil ta biyo su da sauri. "Aksel, saurara. Jirgin soja ba zai shiga wannan lungu ba, ruwan bai da zurfi. Jirginka ne kawai zai iya. Ka mayar da su kafin guguwa, in janye ƙara yau. Ka kwana a gidanka."

Ejvind ya riƙe ƙofar motar a buɗe. "Karɓi, Aksel. Alƙali ba zai duba shekarunka ba."

Tsohon ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya jawo ɗayar da hannu, ya ɗora sandar a cinya.

"Ko ɗaya ba zan ɗaga ba," in ji shi. "Rufe ƙofa."