Zanen Saƙin Gidan Alhaji Ladan

A gidan Malam Jalo da ke Wunti, ba a zubar da komai sai an tambayi Bintu. Fasasshiyar ƙwarya, tsohon faifai, guntun igiya, duk tana da kwandon da take tara su a bayan ƙofar ɗakinta. Mahaifiyarta ta yi faɗa har ta gaji ta koma tsokana, tana cewa 'ya'yan mutane na tara kayan ɗaki, tata kuwa bola take tarawa.

Bintu ɗaliba ce a sashen zane-zane na wata makaranta a Yelwa, tana shekarar ƙarshe. Ba ta cika son fenti zalla ba. Takan sami katako ta liƙa masa ƙyallaye da gam, ta ɗinka fata, ta jera sakaina, sannan ta bi abin da ya rage da fenti. In an tambaye ta inda ta koyo, takan ce wurin kakarta Kubura, wadda ke zana ƙwarya da zazzafar wuƙa tun suna ruga, da kuma maginan da suka yi wa tsofaffin sorayen cikin gari ado. Malamarsu, Madam Paulina, ita ta fara ce mata ta bar kwaikwayon hotunan littafi, ta duba abin da ke tsakar gidansu.

Wanda zai aure ta shi ne Mika'ilu, ɗan farin marigayi Alhaji Ladan na Ƙofar Dumi, malamin firamare ne. An riga an sa rana. Sauran samari turare suke kai wa 'yan matansu, shi kuwa sai ya bi ta wurin teloli da dukawa ya roƙo mata ragowar yadi da fata, ya zo zance da leda a hannu.

To, a gidan Alhaji Ladan akwai wani baƙin zanen saƙi mai ratsin fari, wanda aka gada tun kakanni. Da an sa ranar ɗa namiji, sai a aika wa yarinyar da shi ta wanke, ta turara, ta lulluɓa da shi ranar buɗar kai. Matan gidan duk sun san haka, mazan kuwa ba ruwansu. Hajiya Ruƙayyatu, mahaifiyar Mika'ilu, tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zaunar da shi ta yi masa maganar aurensa. Saboda haka ta sa zanen a leda, ta ajiye a bakin ƙofarsa, ta ce daga bayan labule a kai gidan Malam Jalo. Mika'ilu ya leƙa ya ga tsohon zane har gefensa ya zaizaye, sai murna ta kama shi. A zatonsa Hajiya ta ji labarin aikin Bintu ne, ta ba da tata gudummawa. Haka kuwa ya gaya wa Bintu da ya kai mata shi.

Lokacin tana fama da aikinta na ƙarshe, wanda da shi za a ba ta makin fita. Ta shafa zanen, ta sansana, ta sa masa almakashi. Ta yanka shi manya da ƙanana, ta yi sararin sama da shi a kan wani garken shanu na sakaina. Madam Paulina ta ga hotonsa a waya, ta ce shi za a sa a gaba ranar baje kolin ɗalibai.

Ana haka sai Gwaggo A'i, ƙanwar marigayi Alhaji Ladan, ta sauka daga keke mai ƙafa uku a gidan Malam Jalo da ƙullin turaren wuta. Bayan gaisuwa ta tambaya ko amarya ta wanke zanen. Bintu ta shiga ɗaki da fara'arta, ta jawo katakon ta jingine shi a jikin bango, ta ce a yi wa Hajiya godiya. Gwaggo A'i ta matsa kusa, ta bi ratsin farin nan da ɗan yatsa, sai ta zauna a ƙasa ba tare da ta nemi tabarma ba.

“'Yar nan,” in ji ta, “da wannan uwata ta shiga gidanmu. Da shi aka buɗe kan uwar mijinki.”

Kafin la'asar saƙo ya iso daga Hajiya cewa yarinyar da aka ba amana ta sa mata almakashi ba za ta shiga gidan Alhaji Ladan ba. Malam Jalo ya tura manya, aka karɓe su da mutunci, aka sallame su ba amsa. Mika'ilu ya durƙusa a ƙofar ɗakin Hajiya ya ce laifinsa ne. Ko labulen ba ta ɗaga ba.

Ya zo ya sami Bintu a zaure idanunta sun kumbura. Ya ce zai bi kasuwannin ƙauye ya nemo tsohon saƙi mai kama da shi. Ta ce ba za ta ƙara ƙarya a kan ɓarna ba. Ya ce to ta bari a gama baje kolin ta karɓi makinta, sannan a san abin yi.

“Ka ce in rataye zanen kakarka a bango, 'yan makaranta suna ɗaukar hoto a gabansa, Hajiya tana gida tana ji?”

Madam Paulina ta gaya mata gaskiya cewa in ba ta kawo aikin ba, sai ta maimaita shekara, domin lokaci ya ƙure. Bintu ta ce ta ji. Ta dawo gida ta ɗora ruwan ɗumi, ta kwantar da katakon a tsakar gida, ta riƙa jiƙa shi har gam ya saki. Tana ɗaga ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya tana hawaye, shanun sakaina suna zubewa a ƙasa. Mahaifiyarta ba ta yi tsokana ba ranar, ita ma ta tsuguna tana taya ta shanya su a kan faifai.

Haɗawar ta ci makonni, domin sai ratsi ya dace da ratsi. Ranar da 'yan ajinsu ke baje kolinsu a Yelwa, ita tana kan tabarma da allura. Da ta gama, zanen ya ɗan gajarce, ga ɗinki ko'ina kamar hanyar tururuwa.

Ta kai shi Ƙofar Dumi tare da mahaifiyarta. Aka ce Hajiya na barci. Suka koma, aka ce tana da baƙi. Bintu ba ta fasa ba, takan je ta gaida matan gidan, ta zauna a gefe da ƙullinta har a kira la'asar. Ranar da aka ce ta shigo, ta durƙusa ta ajiye shi ba ta ɗaga kai ba. Hajiya ta warware zanen a cinyarta, ta daɗe tana bin ɗinkin da yatsa. Sannan ta tambaya ko gaskiya ne abin da A'i ta gaya mata, wai ta bar shekarar karatu saboda shi.

“Gaskiya ne, Hajiya.”

“Me ya hana ki tambaya kafin ki yanka?”

“Murna ce ta rufe min ido. Na zaci kin karɓe ni ne da aikina.”

Hajiya ta sake shafa ɗinkin. Can ta ce ita ma da ta aiko mace da bayani, da ba a kai nan ba. Ta ninke zanen ta tura mata shi.

“Je ki turara shi. Da shi za ki lulluɓa, a haka, kowa ya gani. Wadda ta tambaye ki abin da ya same shi, ki gaya mata da bakinki.”

Haka aka yi. Ranar buɗar kai mata suka yi ta tambaya, Bintu tana ba su amsa daga cikin lulluɓi, wasu na dariya, wasu na taɓe baki, Hajiya tana zaune a gefenta ba ta matsa ba. Shekarar da ta biyo baya ta koma Yelwa daga ɗakin mijinta, ta yi wani aikin ta fita.

Yara, abin da aka ba ku a gidan mutane, ku tambayi matsayinsa kafin ku taɓa shi. In kuma kun yi ɓarna, kada ku rufe ta da dabara. Ku zauna ku gyara da hannunku, ku yi haƙuri da fushin manya har ya huce.