Katangar da ke Bayan Gada

Ɗakin gwaji ba shi da taga. Fanka ɗaya, kujeru shida, allon kwamfuta a gaban kowa. Nan Dogo ya shafe wata takwas yana tuƙa mota ɗaya, yana farautar kurakurai a kashi na uku na wasan tseren motoci da kamfaninsu ke haɗawa. Nan kuma mai zanen taswirar wasan ta same shi, takarda a hannu, ranta a ɓace.

"Kai ne ka rubuta wai taswirata keji ce?"

Ya ɗago, suka haɗa ido, bawan Allah ya manta da sitiyari. Motar ta faɗa kogi.

"A kashi na biyu, duk dutsen da ka hango za ka iya zuwa," ya ce a hankali. "A wannan kuwa, kana tsallake gada sai ka daki katangar da ido ba ya gani. Ya fi kyau, amma an kulle mutum."

"Manaja ne ya ce lokaci ya ƙure, in toshe. Ka ɗauka daɗi na ji?"

Kwana uku ba ta kula shi ba. A na huɗu saƙonsa ya shigo: "Kuskure na 212: mai zanen taswira ta daina murmushi. A gyara da gaggawa."

Ta mayar masa: "An duba. Laifin mai gwaji ne, Direbana."

Daga nan fa zance ya yi nisa, har ya kai kunnen Babanta. Shekara talatin Baba yana jan tirela kafin ƙafafunsa su shanye, yau shekara uku ke nan yana ɗaki ɗaya yana kallon silin. Ya ce ba zai ba ƙaton da ke wasan yara 'yarsa ba, ga ɗan ƙanwarsa mai motar gaske yana ta zaryar neman aurenta.

Ta rubuta wa Dogo tana hawaye: "Ya ce kada ka sake zuwa. Duk inda na juya a rufe yake."

"Taswirata, bar ni in zo sau ɗaya tak. Ba da baki zan roƙe shi ba."

Ranar Asabar ya zo da allo da sitiyarin wasa, ya ɗaure a teburin Baba, ya mayar da totur da birki kan maɓallan hannu. Baba ya kau da kai. Ƙarar inji ce ta juyo da shi, ya miƙa hannu ya kama sitiyari kamar jiya ya sake shi.

"Wannan motar ba ta da nauyi! Wa zai shiga kwana haka bai kife ba?"

"Wata takwas nake faɗa musu, Baba."

"To rubuta, ka ce ni na ce!"

Baba ya tsallake gada, ya nufi dutse, motar ta tsaya cak. Ya ja baya ya sake gwadawa, har sau uku. 

"Wa ya toshe hanyar nan?"

"Ni ce, Baba," ta ce, kanta a ƙasa. "Sa ni aka yi."

Ya daɗe yana kallon dutsen, sannan ya dubi ƙafafunsa, ya dubi 'yarsa.

"Na san zafin hango hanya a hana ka bi. Ba zan yi miki haka ba. Kai Dogo, turo manyanka."

Kafin biki, ta lallaɓa manaja ya bar ta ta cire katangar a kwafi ɗaya, na Baba shi kaɗai. Ranar ɗaurin aure, da ango da amarya suka shiga neman albarka, sun tarar da shi can ƙololuwar dutsen, idanunsa sun cika da ƙwalla.

"Allah ya yi muku albarka, ya buɗe muku hanya," ya ce. "To, ku ɗan matsa, kun tare min allo."