Shafin da Ya Haɗiye Addu'ar Mama

Ranar gasar tsere ta makaranta, Auta ko karyawa ba ta tsaya yi ba. Ita ce ta haɗa shafin intanet na gasar! A sama akwai allon maki. A ƙasa akwai gurbin da iyaye za su rubuta saƙo, a karanta wa yaransu a lasifika kafin gudu.

Tun jiya malamin kwamfuta ya ce mata, "Ki sa allon maki kaɗai ya riƙa sabunta kansa. Kuma ki gwada."

"To, Malam!"

Amma aikin da yawa, Auta kuwa sarkin gaggawa ce. Sai ta sa shafin gaba ɗaya ya riƙa sake buɗewa duk bayan daƙiƙa goma. Ba ta gwada ba.

Fili ya cika maƙil. Yayanta na cikin masu gudun ƙarshe. Mama ta gyara tabarau, ta soma rubutu a waya da yatsa ɗaya.

"Ɗa... na... Allah... ya..."

Fat! Shafin ya yi fari, ya dawo wayam.

"Ke Auta! Abin naki ya haɗiye min addu'a!"

Ta sake. Fat!

Wani uba a bayansu ya ce, "Ni sau huɗu ke nan. Mu ma tseren aka sa mu ne?"

Aka kwashe da dariya. Auta ta ji kamar ta nutse. Saura minti goma a fara gudun ƙarshe, ko saƙo ɗaya bai shiga ba.

Ta ruga wurin Malam tana haki. "Malam, ban yi yadda ka ce ba. Ka yi haƙuri."

Malam ya kalle ta ta saman gilashi. "In za ki canza wa agogon bango batir, ɗakin kike rushewa? Zauna mu gyara."

Suka sa shafin ya riƙa ɗauko sabon maki kaɗai, ya ajiye shi a gurbinsa, sauran ya tsaya cik. Wannan karon sai da Auta ta gwada sau uku.

Maki na canzawa, yatsan Mama na tafiyar hawainiya, ko harafi bai ɓata ba!

Lasifika ta ɗauka: "Ɗana, Allah ya ba ka sa'a. Ka ɗaure takalminka!"

Yaya ya duba ƙafarsa, ya durƙusa da sauri. Ya zo na biyu, Auta ta yi ihu har muryarta ta dishe.

Daga ranar ta gane: a bi umarnin malami, kuma a gwada aiki kafin a miƙa wa jama'a.